Ɗorawar Iya a Cikin Waya

Injin buga bulo ne yake tashina daga barci yanzu. Da an sallame asuba, ban ma gama lazimi ba, zai fara, ka ji kamar a cikin haƙoranka ake aikin. A bayan gidanmu aka kafa shi, inda da can gonar maiwa take. Jikokina ba sa jin sa, sun saba. Ni kuwa da ya fara sai zama ya gagare ni, in ɗauki hulata in fita in yi ta zagaya gari ba tare da na san inda na nufa ba. Matar ɗana takan ce, "Baba, wai ƙafar nan taka ba ta tsufa ne?" Ba ta san haka ƙafar take tun ina saurayi ba.

Da can jakuna ne ke tashin mutum. Gari bai gama wayewa ba za ka ji kofatonsu a kan burtali, da muryar masu kora su, sun nufi birni da itace da kara, da yamma su dawo da mangala cike da taki: toka, kashin awaki, sharar gidajen birni. A ƙasarmu ba a barin gona ta huta, don babu inda za a koma in an bar ta, takin nan shi ne hutunta. Gona manne da gona, daga ƙofar gidanmu har inda ido ya ƙare, ba abin da ya raba ta wane da ta wane sai layin gamba, ko lalle in matan gidan masu ƙoƙari ne. Ka ratsa ta gonar kowa, ka ce sannu da aiki, a amsa maka, ka wuce. In ƙishi ya kama ka, tulun da ke gindin bishiya na kowa ne. Yanzu in na fita zagayen nan nawa, katanga nake bi. Wanda bai samu halin katanga ba ya kafa turakun siminti, ya rubuta lambar wayarsa a jikin allo, ya koma birni. Ko ciyawa ba ya zuwa ya cire.

Mu a gandu muka tashi, wato gonar gida da kowa ke yi wa aiki a ci daga rumbu ɗaya. Baba a gaba, yayyena a bayansa, ni a ƙarshe, kullum layina ne ke baya. Ba don ba ni da ƙarfi ba, kunnena ne ba ya gona. Babbar hanyar da ta fito daga Kano ta bi ta Dawanau ta nufi Bici ba ta da nisa da mu, kuma ina iya bambance mota mai kaya da wadda ta sauke tun ba ta ɓullo ba. Da na ji ta sai in miƙe, fartanya a hannu, in bi ta da ido har ta ɓace. Baba ba mai faɗa ba ne. Ko waiwayowa ba ya yi, sai dai ya ce, "Ta wuce? To duƙa, ba da kai ta tafi ba." Makaranta ma haka ta ƙare min, don tagar ajinmu hanya take kallo. Na iya karanta abin da aka rubuta a jikin mota, na iya rubuta sunana, daga nan na ga kamar sauran duk zama ne, ni kuwa zaman ne ban iya ba. Wata rana aka fita hutun tara, ban koma ba. Washegari Baba ya miƙa min fartanya.

Sai shekarun wahala suka zo. Wanda bai gan su ba, in ana ba shi labari sai ya ɗauka rana ɗaya abin ya faɗo. A hankali ya zo. Da farko ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Shekarar da ta biyo gyaɗa ta kamu da ciwo, ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, ka tuge ka ga ba komai a ƙasa sai saiwa, kuma gyaɗar nan ita ce rigar sallarmu, ita ce harajinmu. Rijiya ta yi ƙasa, ana ta ƙara wa guga igiya. Har sautin gari sai da ya canja. Da, in la'asar ta yi, ko'ina daka kake ji, wannan gida na amsa wa wancan. Sai ya zama ka kasa kunne ka ji turmi ɗaya ko biyu, su ma ba sa daɗewa. Aka koma tafasa da rama, ana yayyafa musu ɗan gari don a ce an ci abinci. Jakuna suka ragu a burtali, don an kai su kasuwa. Bayan jakuna sai aka fara sayar da abin da jakunan ke kai wa taki.

Gonarmu ta bakin hanya ita Baba ya sayar. Wanda ya saya babban ma'aikacin gwamnati ne a birni. A tsakiyar gonar akwai wata ƙatuwar ɗorawa, kuma ba ta Baba ba ce. Wannan abu ne da yaran yanzu ba za su gane ba: a wurinmu ƙasa daban, bishiya daban. Kana iya mallakar gona, tsamiyar da ke ciki ta wani ce, kukar ta wata ce. In lokacin ɗiba ya yi su shigo su ɗebi abinsu, su ajiye maka ɗan rabo na mai ƙasa, su tafi. Ɗorawar nan ta kakata ce, mahaifiyar Baba, da muke kira Iya. Da kakanmu ya rasu aka zo rabon gado, aka ce za a yanka mata wani yanki a gona, ta ce ita ba za ta iya noma ba, a bar mata ɗorawa. Daga jikinta take ci. Ta sayar da garin, ta dafa kalwa, wato ƙwayar da ke ciki, ta yi daddawa, ɓawon ma ta jiƙa a yi daɓen ɗaki da ruwansa. Ranar ciniki ina wurin. A gaban mai unguwa Baba ya ce, "Alhaji, ƙasa na sayar maka, ban da ɗorawar tsohuwa." Alhaji yana can yana kallon gonar, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa keke, ya ce, "To, to, ba komai, Allah ya ƙara mata lafiya." Aka shafa fatiha, aka watse.

Alhajin Lahadi muka sa masa, don ranar ce kaɗai yake zuwa. Zai sauko daga farar mota da takalmin roba har gwiwa ko da rani ne, da sabuwar malafa, da filas ɗin shayi. 'Ya'yansa ba sa fitowa daga motar, wai tsoron awaki suke ji. Mutumin kirki ne, kar in ci haƙƙinsa. Yana son gona da gaske, so irin na wanda ba daga ita yake ci ba. Ya ce ubansa manomi ne, shi aka ɗauke shi aka kai makarantar kwana yana ƙarami, tun daga nan hannunsa bai ƙara riƙe komai ba sai alƙalami. Zai karɓi fartanya ya yi layi ɗaya, ya miƙe yana haki, ya nuna mana bororon da ya fito masa a tafin hannu yana murna. "Kun gani? Gobe sai na nuna musu a ofis." Ya kawo motar noma ta yi masa huɗa, ya zuba takin zamani, ya shuka masara a shekarar da gero ma bai kai ba. Masara ta ƙone a tsaye. Ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya ce bana ba a dace ba, ya zuba shayinsa ya sha. Wani maƙwabcinmu da ke tsaye ya ce a hankali, "Shi ai ruwansa ƙarshen wata yake sauka."

Da rani ya dasa mangwaro da gwaba, awakin gari suka cinye. Ya sake dasawa, sannan ya kawo waya mai ƙaya ya kewaye gonar kaf, ya sa ƙofar ƙarfe da kwaɗo. Ba mu taɓa ganin an kulle gona ba. Mutane suka riƙa zuwa kallo, mata masu ratse zuwa rijiya sai da suka koyi sabon zagaye. Ni kuwa ba wayar nake kallo ba, motar nake kallo, kuma ya lura.

Ya ce, "Kai samari, kullum ina ganinka a jikin motar nan. Tuƙi kake so?"

Na ce, "Ina so, ranka ya daɗe."

"Ka yi makaranta?"

"Na taɓa."

Ya yi dariya. "To ga abin da za a yi. Ka riƙe min gonar nan, ka ba dashen nan ruwa su rayu har damina ta zauna. In ka yi haka, ni da kaina zan kai ka ofishinmu in haɗa ka da direbobi su koya maka. Amma da sharaɗi: ba mai shiga. Ba akuya, ba mutum, ba ɗan'uwanka, ba abokinka. Ranar da na zo na ga sawun da ba naka ba, magana ta tashi."

Ya sa min makulli a hannu. Na zura masa igiya na rataye a wuya, ina kwana da shi ina tashi da shi. A wurina ba makullin gona ba ne, na fita daga garinmu ne. Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "Gadin gonar bakin hanya? To, Allah ya sa alheri." Shi tun da aka ja wayar bai ƙara bi ta wajen ba.

Haka na shiga bazara, ina jan ruwa daga rijiyar da Alhaji ya sa aka haƙa, wadda ba ta ba da guga cike sai ka jira ta tara. A gida an koma ci sau ɗaya. Ɗorawar kuwa a shekarar kamar ba ta san abin da ake ciki ba. Ta yi jajayen furanni sun rataye ko'ina, sannan ta zubo 'ya'ya dogaye, reshe har sunkuyawa yake. Wanda ya san yunwa ya san darajar garin ɗorawa: a dama shi da ruwa a ba yaro, ya riƙe masa ciki har yamma. Idon gidanmu duka a kanta yake. Yaran yanzu in ka ba su sai su ce yana maƙale musu a dasashi.

Wata safiya ina ban ruwa na ji ana buga ƙofar ƙarfen da sanda. Iya ce, da doguwar gorarta mai ƙugiya a kafaɗa, da kwando a ka. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne, mijinta take kirana.

"Maigida, buɗe. Mijin kirki ba ya barin matarsa a rana."

Na zo bakin ƙofa na tsaya. Na gaya mata sharaɗin Alhaji, ina magana ina kallon ƙafafuna.

Ta ce, "Har ni?"

"Bai cire kowa ba, Iya. Amma ga dabara. Ki koma can gefe ki tsaya, in hau in kakkaɓo, in riƙa jefo miki ta saman waya. Ba sawu, ba magana. Kafin azahar kwandon nan ya cika."

Ta sauke kwandon a ƙasa, ta dube ni. "Ta saman waya."

"E."

"Yadda ɓarawo ke jefa wa abokinsa kaya."

"Iya, ai naki ne."

"Shi ya sa. Abin da yake nawa ta ƙofa nake shiga in ɗauka, da rana, mai ƙasa yana gani, in ba shi nasa rabon. In na karɓa ta saman waya bana, baɗi bishiya ta zama tasa, ni kuma na zama wadda ake taimaka wa."

Na ce, "To in buɗe miki?"

"A'a. Amana aka ba ka, kuma na san abin da ka ƙwallafa rai a kansa. Riƙe makullinka, mijin banza. Yaushe mai wayar yake zuwa?"

"Lahadi."

"Allah ya kai mu."

Lahadi ta zo, Iya ta zo tun da hantsi ta shimfiɗa ɗankwalinta a bakin ƙofa ta zauna. Duk motar da ta ɓullo sai in ruga bakin waya. Har rana ta faɗi ba farar mota. Wata Lahadin ma haka, wadda ta biyo ta ma haka. Mutumin da bai taɓa fashi ba, shiru. Ga shi kullum da yamma hadari na haɗuwa a gabas, ya yi baƙi, ya watse. Kowa ya san in ruwa ya daki ɗorawar da ta nuna, garin ya dunƙule ya yi baƙi, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Tsuntsaye sun fara nasu rabon. Ƙannena sukan zo su tsaya a bayan waya, saman bishiyar kawai suke kallo. Babban yayana ya tare ni ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Buɗe mata, ka share sawun da reshe, wa zai gaya masa?" Na ce masa ko na buɗe ba za ta shiga ba. Ya je ya same ta, ya dawo bai ƙara yi min maganar ba.

Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. In na gama ban ruwa sai in yi ta bin wayar nan ta ciki, daga wannan kusurwa zuwa waccan, har ƙafata ta fitar da 'yar hanya a jikinta kamar ta akuyar da aka ɗaure. Ina jin haushin Iya, ina jin haushin Alhaji, ina jin haushin bishiyar ma da ta zaɓi wannan shekara ta yi 'ya'ya haka. In na zauna ina jira, ruwa zai ci abincin gidanmu. In na karya sharaɗi, na zauna a garin nan ke nan har tsufa, a bayan layin yayyena.

Wata asuba na cika wa kowane dashe ruwa har ya kwanta, na kulle ƙofa, na fita bakin hanya. Na ce tunda shi bai zo ba, ni zan je in same shi. Wata babbar mota mai ɗauke da fatu ta tsaya ƙara wa inji ruwa, na taya yaron motar jan guga, ya ce in hau baya. Wannan ne hawana na farko. Kar in yi ƙarya, da iska ta fara dukan fuskata, ga gonaki na gudu da baya, na manta da Iya da ɗorawarta har muka wuce Dawanau. Warin fatun nan ma daɗi yake min.

A birni na yi ta tambaya har na samu ofis ɗin, wani dogon bene da ya taɓa kwatanta min. A gindin wata bishiya na ga direbobi zaune a kan benci suna hira, kowa da makullin mota a yatsa yana juyawa. Na tsaya ina kallonsu har wani tsohon masinja ya ce, "Kai, wa kake nema?" Na faɗi sunan Alhaji. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ba kwa jin rediyo ne a ƙauyenku? An sallame su. Shi da wasu da yawa, rana ɗaya. Gidan gwamnatin da yake ciki an karɓe, motar ma an karɓe."

Ashe motar ma ba tasa ba ce. Tsohon ya ga yadda na yi, ya ji tausayina, ya kwatanta min gidan iyayen matar Alhaji a cikin gari, inda ya koma. Kafin in fita sai da na sake waiwayar direbobin nan.

A zaure na same shi, zaune a kan tabarma da rana tsaka, ranar aiki, ba hula a kansa, ga ƙaramar rediyo a gefe ba a kunna ba. Sai da ya ɗan yi jim kafin ya gane ni.

"Samari. Mangwaron sun mutu ne?"

"Suna nan, ranka ya daɗe."

"Bar ranka ya daɗen nan. Zauna."

Na zauna na gaya masa komai, har da dabarar jifa ta saman waya da abin da Iya ta ce. Ya saurara, yana shafa kansa.

"Na tuna mahaifinka ya faɗi wani abu haka. Wallahi na ɗauka inuwa take so ta riƙa sha. Na ce a raina, tsohuwa da inuwa, wa zai hana ta?" Ya ɗago ya dube ni. "Kuma tana nan tana jirana? A waje?"

"Duk Lahadi."

"Ni ma kullum jira nake a nan, ban ma san me nake jira ba."

Ya shiga ciki ya fito da hula da baƙin takalminsa na ofis. Ya ga ina kallon takalmin, ya ce na robar yana cikin but ɗin motar, an tafi da shi. Maganar tuƙi tana bakina tun daga zauren har tasha, na kasa fito da ita. Muka shiga bayan wata mota tare da masu dawowa daga kasuwa, aka matse shi tsakanin buhu da wani mai kaji. Ba wanda ya matsa masa, ba wanda ya san ko shi wane ne.

Bayan la'asar muka sauka. Hadari ya haɗu a gabas, irin wanda ba ya watsewa, iska ta fara kaɗa wayar tana kuka. Ba Lahadi ba ce, amma Iya tana bakin ƙofa da gorarta. Ta ga sama, ta kasa zama a gida.

Alhaji ya durƙusa ya gaishe ta. "Iya, ki gafarce ni. Ban sani ba."

"Ai yanzu ka sani. Ina motar?"

"Ta koma wurin masu ita."

"Allah ya musanya da alheri. Buɗe min."

Ya miƙo min hannu, na cire igiyar daga wuyana na ba shi. Ya buɗe kwaɗon, ya tura ƙofar har ƙarshe, ya tsaya a gefe Iya ta wuce. Sannan ya nannaɗe igiyar a jikin makullin ya sa a aljihunsa. Na gani, shi ma ya ga na gani.

Ya ce, "Samari, maganar da muka yi."

"Na je ofis ɗin. Na gani."

"Ba ni da inda zan kai ka. Ka riƙe amana, ni ne ban da abin cikawa. Ni ma nan zan dawo, in mutanen garinku za su ba ni ɗaki. Gonar nan ita kaɗai ta rage min."

Daga gindin bishiya Iya ta ce, "Ku kuna can kuna yi wa juna ta'aziyya, ruwa kuwa ga shi nan. Maigida, hau. Kai kuma mai ƙasa, zo ka tattara."

Na hau. Na taka reshe ina girgizawa da dukkan haushin da ke cikina, 'ya'yan ɗorawa na zubowa, Iya na jan na ƙasa-ƙasa da ƙugiya. Kafin ka ce me, ƙannena da matan yayyena sun ga ƙofa a buɗe sun shigo da kwanduna da ƙorai, gonar da na yi wata da watanni ina tsaron ƙasarta ta cika da sawu. Daga sama nake kallon Alhaji, ya tattare gaban rigarsa yana cikawa, yana kaiwa yana juyewa, takalmin ofis ya cika da rairayi. Iya ta ware wani tuli a gefe ta ce masa, "Wannan na mai ƙasa ne."

Ya ce, "Haba Iya, ki bar shi, kun fi ni buƙata."

"Ba kyauta ba ce. In ba ka karɓa ba, ban ɗiba ba. Kuma wa ya fi wani buƙata, sai a bari tukuna."

Ya karɓa. Ya ɗauki guda ya ɓare, ya sa a baki, leɓensa ya yi rawaya. Na ji yana cewa rabonsa da wannan tun kafin a kai shi makaranta.

Sai ruwa ya sauko, manyan ɗigo, ƙasa ta tashi da ƙamshinta. Aka kwashi abin da aka tara aka ruga, fiye da rabi yana sama bai sauko ba, ya tafi ke nan. Abin da aka samu shi ya kai gidanmu har sabon ganye ya fito. Ni ina can saman bishiya ban motsa ba. Daga nan ana ganin hanya da nisa, baƙa wuluk ta jiƙe, ga wata babbar mota ta nufi arewa tana fesa ruwa. Iya ta tsaya a bakin ƙofa, kwando a ka, tana kira, "Sauko, mijin banza, tsawa ba ta san wasan jika ba." Na bi wani dogon reshe da ya ƙetare wayar, na rataya da hannu, na saki. A waje na dira, ta gefen hanya.

Ban kai noman farko ba na tafi. Yaron mota na zama, na yi shekaru ina ɗaukar kaya, ina sa wa taya waigi, ina kwana a ƙarƙashin mota, kafin wani ya yarda na taɓa sitiyari. Daga baya na tuƙa, na tuƙa har na gaji, babu babbar hanyar ƙasar nan da ban sani ba, kuma ko taku ɗaya na ƙasa ban taɓa mallaka ba. Alhaji kuwa ya dawo kamar yadda ya ce. Mai unguwa ya ba shi ɗaki, ya kwance wayar ya sayar ya sayi jaki, ya bar masara ya koma gero da wake. In na leƙo gida da salla sai in ga hannunsa ya zama irin na Baba, ba ya kuma nuna wa kowa. Har Iya ta rasu yana karɓar rabon mai ƙasa a hannunta. A maƙabartar garinmu aka binne shi, ba nisa da Baba, 'ya'yansa da jikokinsa duk a nan suka yi aure, ba wanda ke tuna an taɓa kiransa da sunan wata rana.

Da idona ya fara rauni aka karɓi motar a hannuna, na tattaro na dawo gida gaba ɗaya. Na sauka a bakin hanya, na rasa ta inda zan bi, don duk gine-gine ne. Wani saurayi ya taso daga cikin masu babur, daga ganin goshinsa na san jikan Alhaji ne. Ya karɓi jakata da ladabi, ya ɗora a kan babur ɗinsa, ya ce, "Baba, sannu da zuwa. Gidan wa kake nema?"